Daga Kongolam Zuwa Tsakiyar Bahar Maliya: Tafiyar Da Ba A Zuwa Ko'ina

Kongolam gari ne na bakin iyaka a arewacin Daura, cikin ƙaramar hukumar Mai'aduwa, inda kwaltar da ta taso daga Kano, ta ratsa Kazaure da Daura, take sallama da Nijeriya ta miƙa matafiyi ga hanyar Matamaye da Damagaram. Mutanen da suka tashi a irin wannan wuri, suna ganin motocin hatsi na haurawa arewa, garkunan shanu da raƙuma na gangarowa kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi, ba za a koya musu ma'anar tafiya ba. Sun san ta fatauci, sun san ta neman ilmi, sun san cin rani da ziyarar dangi na ƙetare, sun kuma san mafificiyarsu duka, watau tafiyar sauke farali. Ko wace ɗaya kuwa tana da inda aka nufa da abin da aka je nema, ta yadda in mutum ya komo ana iya tambayarsa ko an dace, shi kuma ya ba da amsa. Amma a ce mutum ya biya kuɗi masu kauri, ya shiga jirgin ruwa a wata tasha, jirgin ya yi ta kewaya da shi bisa teku kwana da kwanaki, sa'an nan ya sauke shi a tashar nan da ya ɗauke shi, bai saya ba bai sayar ba, bai kuma gai da kowa ba, wannan al'amari ne da hankalin mutumin ƙasar Daura ba ya saurin karɓa, balle ga shi a ƙasar da ruwanta bai wuce rijiya da tafkin damina da madatsun Sabke da Daberam ba, teku kuwa yana can kudu, tazarar fiye da kilomita 1,000.

Ba wai teku baƙo ne sarai ga kakanninmu ba, sai dai larura ce kullum take kai su gare shi. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, wanda ya yi niyyar Hajji yakan bar wasiyya, ya nufi gabas ta Maiduguri da Fort Lamy da Abeshe, ya shiga Sudan ta Jinena da Fashir har Ubayyid, inda yake tarar da jirgin ƙasa in yana da kuɗin hawa. In guzuri ya ƙare kuwa, kamar yadda ya saba ƙarewa, sai ya yada zango a gonakin auduga na Jazira, ko a Mai Wurno wajen zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, ya yi ƙodago shekara ɗaya ko biyar, har ya haɗa kuɗin jirgi. Sa'an nan ne zai iso Sawakin, tsohon garin da aka gina gidajensa da duwatsun murjani, a tsare shi a sansanin killace alhazai, a yi masa lambar agana, kana a loda shi tare da ɗaruruwan 'yan'uwansa a fili bisa doron jirgi, ba inuwa ba shimfiɗa sai wadda ya zo da ita. Tsakanin gaɓar Sudan da Jidda bai fi kilomita 300 ba, amma tsofaffin alhazai da suka shafe shekaru a hanya sukan ba da labarin wannan ɗan tsallake fiye da yadda suke ba da na dajin Wadai. Waɗanda ba su da takardu kuwa, ko suka gaji da jira, sukan sulale su shiga ƙananan jiragen katako masu filafilai daga gaɓar Masawwa, wasu su isa, wasu a sauke su a gaɓar da babu ruwan sha, wasu kuma ba a sake jin ɗuriyarsu.

Wani abin sha'awa shi ne, malaman zaure na ƙasar nan sun karanta hukuncin teku tun ba su taɓa ganinsa ba. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda almajiri ke kaiwa gare shi bayan Ishmawi da Iziyya da Risala, ya hukunta cewa hanyar ruwa daidai take da ta tudu wajen wajabcin Hajji, sai fa in halaka ta fi rinjaye, ko kuwa in jirin teku zai sa mutum ya tozarta wani rukuni na salla. Ke nan an yi ta fassara wa ɗalibai mas'alar jirin teku a soraye na Daura da Katsina, malami da ɗalibi duka suna zaune bisa buzu a ƙasa mai tauri.

Sarakuna da 'yan boko da soja su kuma ta kudu suka bi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a 1921, ya je Ingila ya gana da Sarki George na Biyar, ya kuma yi aikin Hajji a wannan fita. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka bi sawunsa zuwa Ingila. Malam Abubakar Imam ya tafi a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, a lokacin da jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa ke nutsar da jirage a tekun Atlantika, kuma daga wannan tafiya littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito. A 1943 da 1944 aka kwashi rundunoni biyu na sojan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, cikinsu da samarin Arewa masu yawan gaske, aka tsallaka da su Indiya domin yaƙin Burma. Bayan yaƙi kamfanin Elder Dempster ya riƙa zirga-zirga tsakanin Ikko da Liverpool da jiragensa Accra da Apapa da Aureol, tafiyar kamar mako biyu, ana tsayawa Takoradi da Firitawun da tashar Las Palmas, kuma da yawa cikin ɗaliban Arewa na farko da suka je karatu Ingila a cikinsu suka fara jin motsin ruwa ƙarƙashin ƙafafunsu. Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, ya daina a 1974, jirgin sama ya ƙwace masa fasinja; sai wani attajiri Bagirke ya saye shi, ya sake masa suna, ya ɗaure shi a Jidda ya zama masaukin ma'aikata.

To, wannan karayar kasuwa ita ce ta haifi sana'ar da muke magana a kanta. Da ma tun 1900 wani kamfanin Jamus ya ƙera jirgi musamman domin yawon shan iska na masu hali, amma sai da jiragen sama masu gudu suka fara tsallake Atlantika cikin sa'o'i, daga 1958, masu jiragen ruwa suka ga ba za su iya gasa da su wajen kai mutum inda ya nufa ba, sai suka yi dabara suka mai da jirgin kansa ya zama inda aka nufa. A birnin Miami na Amurka kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival suka kafu a tsakanin 1968 da 1972, sana'ar ta yi ta bunƙasa har a 2023 waɗanda suka shiga irin wannan yawo suka haura miliyan 30, jirgin Icon of the Seas kuwa da aka ƙaddamar a 2024 tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata. Abin da ya daɗe yana nisanta Musulmi mai kiyaye addininsa daga waɗannan jirage shi ne giya da caca, waɗanda babban kaso ne na ribarsu. Amma tun 2021 Saudiyya ta buɗe tashar Jidda ga jiragen yawo, a watan Disamba na 2024 kuma ta fito da nata, mai suna Aroya, wanda aka ƙera a Jamus a 2017, yana ɗaukar mutum sama da 3,000, ba giya ba gidan caca, da wuraren salla a ciki.

Ta wannan ƙofa ta Jidda ne wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi daga yankin Kongolam, wanda ba zan ambaci sunansa ko sunan jirgin da ya shiga ba, ya faɗa cikin al'amarin ba da shiri ba. Ya je Umra, ya sauka wajen wani ɗan ɗan'uwansa mazaunin Jidda, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi a ƙasa ba su komo ba, sai yaron ya matsa masa a kan su shiga yawon 'yan kwanaki wanda ba ya fita daga ruwan Saudiyya, ke nan babu wahalar neman wata biza. Da suka isa tasha, Alhaji ya ce ya daɗe yana waige-waige yana neman jirgin, har yaron ya ce masa, "Baffa, ai ga shi nan a gabanka," ashe abin da ya ɗauka benen hukumar tasha ne, mai hawa fiye da goma sha biyar, shi ne zai tashi da su. Aka karɓi kayansu, aka ɗauki hotonsu, aka ba kowa wani ɗan kati, wanda shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma aljihu, gama ba a taɓa tsabar kuɗi a ciki, duk abin da ka saya sai a goga katin a rubuta maka bashi zuwa ranar sauka. Mutumin da ya shekara talatin ba ya sakin buhu sai ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ya gane nan take hikimar da ke cikin raba mai saye da ganin kuɗinsa na fita.

Tun jirgi bai motsa ba aka busa jiniya, aka umarci kowa ya je matattarar da aka rubuta masa a kati, aka nuna yadda ake ɗaura rigar ceto da inda kwale-kwalen tsira suke rataye. Alhaji bai ji daɗin a fara tafiya da zancen nutsewa ba, don a al'adarmu addu'ar sauka lafiya ake yi, ba a kiran musiba da baki. Amma dokar tana da dalili mai ƙarfi. Yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku ta samo asali ne daga nutsewar Titanic a 1912, kuma bayan da Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a watan Janairu na 2012, mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su nufa ba, sai aka wajabta yin wannan gwaji kafin tashi ko da an tashi nan take. Shi kansa Bahar Maliya yana da nasa tabo, domin a watan Fabrairu na 2006 jirgin fito na Masar mai suna Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse tsakanin Duba da Safaga da mutum fiye da 1,000, cikinsu har da alhazai masu komawa gida. Wanda ya san wannan ba zai ga ɓata lokaci a tsayuwar minti ashirin ba, kuma ɗaure raƙumi bai taɓa warware tawakkali ba.

Ɗakin da suka kama na ciki ne, mai rahusa, ba taga; in aka kashe fitila babu bambanci tsakanin hantsi da tsakar dare, kuma a nan ne mas'alar salla ta fara. Mutumin da ya saba da kiran assalatu daga masallatai uku ko huɗu a lokaci guda, ga zakara ga kukan jaki, sai ya wayi gari yana dogara da ƙarar waya. Alƙibla kuma, wadda a gida tsayayya ce tun ranar da aka gina ɗaki, a nan sai ta zama abin da ake nema ko wane lokaci, don jirgi yana iya karkata tsakanin kabbarar harama da sallama. Hukuncin mazhabarmu shi ne mutum ya yi farilla a tsaye in yana iyawa, ya kuma juya tare da alƙibla in jirgin ya juya. Alhaji ya ce a daren farko ya tada Isha'i yana kallon ƙofar banɗaki, da asuba na'urar wayarsa ta nuna masa kusurwar gado.

A rana ta biyu iska ta taso daga arewa, kamar yadda ta saba a wannan sashe na tekun, sai ya ɗanɗani abin da Muhtasar ke nufi. Manyan jiragen zamani suna da wasu fikafikai na ƙarfe da ake turowa ƙarƙashin ruwa su rage tangaɗi, saboda haka ba wani jijjiga ba ne mai kayar da kwano, lilo ne a hankali wanda ido ba ya gani amma ciki yana ji. Asalin ciwon ke nan ma: a can cikin kunne akwai ma'aunin da Allah ya halitta mai sanar da ƙwaƙwalwa motsin jiki, to in kunne ya ce ana motsi, ido kuwa yana kallon bango ya ce ana zaune, sai saɓanin shaidun nan biyu ya haifar da hajijiya da zufa mai sanyi da tashin zuciya. Alhaji ya yi abin da kowa ke yi, watau ya koma ɗaki ya ƙudundune, abin ya daɗa ƙaruwa, har wani ma'aikaci ya ba shi shawarar ya fito sarari a tsakiyar jirgi, ya kafa idonsa a can inda ruwa ya haɗu da sama, ya sha shayin citta, kada kuma ya bar cikinsa wayam. Kafin la'asar ya warware.

Zauren cin abinci bai burge shi yadda aka yi zato ba. An jera nau'o'in abinci da ba su ƙirguwa tun safe har dare, kowa ya ɗiba da hannunsa ba mai hana shi, don an riga an haɗa kuɗin a cikin kuɗin shiga. Amma shi da idon mai awo yake kallo, sai ya riƙa lissafa tiya nawa ta shinkafa ke komawa a faranti ba a taɓa ba, ya ce isirafin da ya gani a wuni ɗaya zai ciyar da makarantar allo mako guda. Abin da ya kama hankalinsa shi ne ruwa. Ya tambaya ina ake ajiye ruwan da dubban mutane ke sha suna wanka haka ba tsimi, aka ce masa mafi yawansa daga tekun ake ja, a tura shi da ƙarfi ta cikin wasu matatai masu ƙananan ƙofofi, ko a dafa shi da zafin inji a tara tururin, gishiri ya rabu. Bahar Maliya kuwa yana cikin tekuna mafiya gishiri, kimanin giram 40 a ko wace lita, saboda zafin rana na ƙafar da shi kuma babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa. Nan Alhaji ya tuna hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, na mutumin da ya kawo kukan cewa suna shiga teku da ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, aka ba shi fatawar tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Ga shi yau ana ninƙaya a tafkin wanka bisa rufin jirgi.

Ma'aikatan ne ya fi sakin jiki da su, musamman 'yan Indunusiya da yake haɗuwa da su a wurin salla, ga kuma 'yan Filifin da Indiya. Sukan yi wata shida zuwa tara ba su ga iyalinsu ba, suna kwana a ƙananan ɗakuna can ƙasa kusa da inji, suna aiki ko wace rana ba hutun mako, suna aika kuɗi gida. Ya ce bai ga bambancinsu da 'yan cin ranin da ke ratsa Kongolam bayan kaka suna gangarawa Kano da Ikko ba, sai dai su waɗannan an ɗinka musu riga an kuma ce su yi ta murmushi.

A ganina, abin da ya fi ƙima a cikin labarinsa duka shi ne abin da jirgin bai sayar masa ba. Waɗannan jirage an tsara su ne ta yadda mutum zai ba teku baya: kantuna da wuraren wasa da majigi da kiɗa duk suna fuskantar ciki, har mutum yana iya gama tafiyarsa bai kalli ruwan na minti goma a jere ba, kuma ina zaton alhajin da aka loda a Sawakin ya ga teku a wuni biyu fiye da yadda mafi yawan masu yawon nan ke ganinsa a mako. Jirin da ya kori Alhaji daga ɗaki shi ya kai shi bayan jirgi, inda babu kowa sai farar hanyar kumfa da farfela ke bari, ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, babu bishiya, babu tudu, babu hayaƙin wani ƙauye. Mutumin ƙasarmu ya saba da fili mai faɗi, amma filinmu ko yaushe yana da alama, ga gawo can, ga kuka can, ga turbar shanu. Nan kuwa ba abin da ido zai rataya a kai. Ruwan ba fari ba ne ba kuma ja ba, shuɗi ne mai duhu har yana neman komawa baƙi, kuma da aka gaya masa cewa a tsakiya akwai inda zurfinsa ya haura mita 2,000, sai ya saki ƙarfen da ya jingina a kai ya ja da baya taki biyu. Ya ga ƙananan kifaye masu fikafikai suna fitowa suna tashi sama-sama kafin su koma. Da aka tsaya wani tsibiri aka shiga da su kwale-kwale mai gindin gilashi, ya ga murjani a raye a inda yake tsira, reshe-reshe, kifaye masu launi suna shiga suna fita, shi da bai san murjani ba sai a wuyan amare. Ta wannan teku ne Sahabbai suka yi hijirar farko zuwa Habasha, ta nan matafiyi Ibn Jubairu ya tsallaka daga Aizab zuwa Jidda a 1183 cikin jirgin da aka ɗinke katakansa da igiya ba ƙusa, ta nan kuma kakan yaron da ke tsaye kusa da shi ya iso.

Ranar sauka aka kawo takardar lissafi, ya tarar an ɗora ladan ma'aikata na ko wane dare, da kuɗin intanet, da na kwale-kwalen gilashi, da na hotunan da aka yi ta ɗaukarsu, al'adar da ta game wannan sana'a ko'ina. Mai niyya ya kamata ya tambayi abin da kuɗin shiga ya ƙunsa tun kafin ya biya. Ya kuma sani cewa wahalar ɗan Nijeriya ba ta kuɗi kaɗai ba ce, domin jiragen Bahar Rum suna bukatar bizar Turai, na Karebiyan mafi yawa ta Amurka, gaɓarmu ta Afirka ta Yamma kuwa jiragen yawo ba sa yawan leƙo ta, in ban da jefi-jefi a Dakar da Banjul da tashoshin Gana, kuma fashin teku ya ƙara kore su, tun da a 2020 daga cikin ma'aikatan jirage 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Gini ne. Saura Jidda da Dubai da Durban ta Afirka ta Kudu, ita ma hanyar Bahar Maliya hare-haren da aka fara kai wa jirage daga Yaman a ƙarshen 2023 sun sa kamfanoni da yawa sun janye daga gare ta.

Da ya komo gida, mas'alar da ta fi daɗewa a majalisa ba ta girman jirgi ba ce, ta ƙasaru ce, gama Alhaji ya yi ta yin raka'a biyu-biyu a cikin ruwa. Ya kai maganar gaban limamin unguwarsu ya ce, "Allah gafarta Malam, ko akwai ramuwa a kaina?" Liman ya ce ta fuskar nisa babu matsala in an kai mil 48 a tafi kawai, ko da a ruwa ne, amma Muhtasar ya keɓe ƙasaru ga wanda tafiyarsa ba ta saɓo ba ce ba kuma ta wargi ba, masu sharhi kuwa sun ce ƙasarun mai tafiyar wargi makaruhi ne, ko da yake in ya yi ba zai rama ba, wanda ya fita domin duba halittar Ubangiji da ɗaukar izina kuwa ba ya cikin wannan. Sai ya tambaye shi wace ce tasa a ciki. Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya ce gaskiya don hutu da cin daɗi yaron ya ja shi, izinar daga baya ta zo, bayan ya yi amai. Liman ya ce, "To Alhaji, ba ka da ramuwa, amma in za ka koma, ka gyara niyyarka tun a tasha."